Guntun Noti a Cikin Rami: Me Ya Sa Muke Biyan Mai Gumi Mu Raina Mai Haƙuri?

Abin da na kawo mana wannan makon ƙaramin abu ne, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba, kuɗinsa kuma bai kai na kofin shayi ba. Amma ya taɓa hana gonar tumatir ruwa kwana huɗu a gaban idona, kuma tun daga lokacin nake da ra'ayi a kansa da nake son in faɗa.

Bara da rani na je wajen kawuna a yankin Kura, inda yake noman tumatir da albasa. Injin ban ruwansa irin mai inci 3 ɗin nan ne da kowa ya sani, mai jikin alminiyam. Wata safiya ya daina jan ruwa yadda ya saba, aka ce ciyawa ce da taɓo suka cushe a ciki, sai an buɗe murfin famfon. Aka kira wani matashin makanike daga bakin titi. Notunan murfin masu kan lamba 12 ne, kaurinsu milimita 8, kuma sun shekara suna shan ruwa da laka ba a taɓa kwance su ba. Biyu suka kwance lafiya. Na uku ya ƙi. Yaron ya zura guntun bututu a jikin sifana don ya ƙara mata tsawo, ya danna da ƙarfinsa. Muka ji ƙas! Kan notin ya faɗo ƙasa, jikinsa ya zauna a rami. Bai ɗauki darasi ba, ya yi wa na huɗu haka, shi ma ya karye.

Ya ce kada kawu ya damu, aikin minti goma ne. Ya aro injin huda, ya ɗora a kan guntun farko ba tare da ya daidaita fuskarsa ko ya buga masa alama a tsakiya ba. Bakin injin ya zame daga kan ƙarfen ya faɗa cikin alminiyam ɗin da ke gefe. Kafin ya farga ramin ya zama kamar ƙwai, rabin guntun yana nan daram, rabin tiredin kuma ya tafi. Ya yi gumi sharkaf, rigarsa ta jiƙe, kawu ya tausaya masa ya biya shi kuɗin wahalarsa ba tare da ya ce uffan ba. Aka mayar da murfin da noti biyu. Injin ya tashi, amma iska yake zuƙa ta gefen da bai matsu ba, kuma famfo irin wannan in yana shan iska ba ya ɗago ruwa.

A rana ta uku muka ɗauki famfon zuwa Kano, wajen wani dattijo da ke da ɗan shago da injin walda. Ya juya shi a hannu, ya dubi guntun da ba a taɓa ba, tambayar farko da ya yi ita ce: "Alhaji, wajen ɗaurewa ya karye ko wajen kwancewa?" Kawu ya ce wajen kwancewa. Ya gyaɗa kai, ya goge wurin da burushin waya, ya ɗiga masa mai, ya ɗan ƙwanƙwasa, ya koma ya ci gaba da cin goronsa. Bayan wani lokaci ya ɗora wasa a kan guntun ya ɗana masa walda, ya ɗora macen noti a kan wasan ya cike cikinta da walda, ya bari ya huce. Ya sa sifana ya motsa shi kaɗan hagu, kaɗan dama, hagu, dama. Guntun ya fito, tiredin ramin ko ƙwarzane babu. Da ya faɗi kuɗinsa, kawu ya ce, "Haba Baba, ai ko gumi ba ka yi ba." Aka tsaya ana ciniki.

Wancan ramin da aka ɓata kuwa sai da aka kai wa mai waldar alminiyam ya cike shi, aka sake huda shi, aka yanka sabon tiredi. Kuɗin wannan kaɗai ya ninka na dattijon, ban da kuɗin mota da kwana huɗun da tumatir ya yi yana yaushi a lokacin da yake fure.

Ra'ayina ke nan a taƙaice: in noti ya karye a cikin rami, notin ya riga ya mutu, ba shi ake ceto ba, ramin ake ceto. Duk wanda ya fara da hanyar da za ta iya cin ramin kafin ya gwada waɗanda ba sa cin komai, ya yi ganganci da dukiyar wani. Mu kuma masu kaya muna da namu laifin, domin mu ne muke biyan gumi da hayaniya, mu raina aikin da aka yi a natse.

Bari in bi abin daki-daki, domin ban so a ɗauka zancen karin magana kawai nake.

Tambayar dattijon nan ita ce rabin aikin. Noti yana riƙe ne saboda in an ɗaure shi yakan ɗan miƙe kamar roba, wannan miƙewar ce take matse haƙoransa da haƙoran ramin. In ya karye wajen ɗaurewa, saboda an wuce ƙarfinsa, to da kan ya fita matsin ya tafi. Guntun da ya rage sau da yawa sakwa-sakwa yake, ana iya juyo shi da tsinin ƙusa ko da ɗan kurfi. Haka ma wanda girgizar inji ta gajiyar da shi ya tsinke da kansa, kamar yadda ake gani a janareta da injin markaɗe. Irin wannan in ka dubi fuskar karayar za ka ga wani ɓangare sumul ya yi duhu, alamar tsagar ta daɗe tana tafiya, sai ɗan ɓangare mai ƙyalli inda ya ƙarasa ɓallewa. Amma in ya karye wajen kwancewa, labari ya sha bamban. Ma'anarsa abin da ya riƙe shi ya fi jikin notin gaba ɗaya ƙarfi. Tsatsa ce, ko kuma cin da ƙarfe da alminiyam suke wa juna in danshi ya shiga tsakaninsu, wanda yake barin farin gari kamar toka a cikin tiredi. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, don haka take cika ɗan sararin da ke tsakanin haƙora ta kulle su. Akwai kuma na uku, wanda aka sa noti da ya fi ramin tsawo, ya je ya tokare a ƙasa aka ci gaba da murɗawa. Shi ma a matse yake.

To wanda bai yi wannan tambayar ba, ta yaya zai san irin maganin da zai ba da? Sai ka ga an kawo injin huda a kan guntun da farce ma zai iya juyowa, ko an sa ɗan siririn abin cirewa a kan guntun da sifana da bututu suka kasa.

Hanyoyin cire guntu suna da jeri, daga wadda ba ta ɓata komai zuwa wadda in ta kuskure babu gyara. Na farko tsafta da mai da jira. A goge datti, a ɗiga man da ake fesawa don kwance tsatsa, in babu shi kananzir ko gas na taimakawa, a ƙwanƙwasa tsakiyar guntun da ƙaramar guduma da kurfi don tsatsar ta farfashe man ya sami hanya. Daga nan a bar shi. Awa ɗaya ta fi minti biyar, kwana ɗaya ya fi awa ɗaya. Wannan matakin kyauta ne, kuma shi ne aka fi tsallakewa.

In guntun ya leƙo waje, an yi sa'a. A sa magagari a yi masa fuska biyu a gefe, a kama da filaya mai kullewa. Ko a yanka masa tsaga da zarton ƙarfe a sa sukundireba mai faɗin baki. In tiredin da ya leƙo yana da tsawo, a ɗaura mata biyu a matse su da juna, a juya ta ƙasan. Ko ta wace hanya, ba a fizga. Ana motsa shi ne gaba da baya, a ƙara mai, a sake motsawa, har ya saki. In kuma daidai yake da bakin rami, a kafa tsinin kurfi a gefen fuskarsa, a karkata shi, a riƙa bugawa a hankali ta ɓangaren kwancewa, wato akasin tafiyar hannun agogo. A nan sai a tuna akwai 'yan wurare da tiredinsu na hagu ne, kamar fedar hagu ta keke, waɗanda suke kwancewa ta ɗaya ɓangaren. Mutum yana iya shafe awa yana ƙara ɗaure abin da yake son cirewa.

Sai zafi. Ƙarfe yana buɗewa in ya ji wuta, kuma alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na yadda baƙin ƙarfe yake yi. Saboda haka in aka ɗumama kewayen ramin, ramin yakan buɗe fiye da notin, riƙon ya sassauta. Sai dai akwai tarko. Baƙin ƙarfe yana yin ja ya gargaɗe ka tun da sauran nisa kafin ya narke. Alminiyam yana narkewa a wajen digiri 660, kuma ba ya yin ja kafin nan, kana kallonsa fari sai ka ga ya zube. Ga roba da gasket da tiyon mai da ke kusa. Wanda zai kai wuta kusa da janareta ko babur, ya fara cire tanki ko ya nisanta shi, wannan ba abin wasa ba ne.

Sai waldar macen noti, wadda dattijon ya yi. A ganina ita ce sarauniyar hanyoyin nan in guntun yana kusa da baki, domin tana yin aiki biyu a lokaci guda. Zafin walda yana shiga cikin guntun kai tsaye, ya buɗe ya matse tsatsar, in ya huce ya koma ya bar sarari. Sannan ga sabon kai da sifana za ta kama. Wasan da ake fara ɗorawa yana kare bakin ramin, kuma waldar ƙarfe ba ta kama alminiyam, shi ya sa hanyar take da daɗi a jikin inji irin na kawu. In macen ta ɓalle a karon farko ba a yi asarar komai ba, a sake ɗana wata, kowane zagaye yana ƙara sassauta shi. In a jikin mota ne, a cire batir, a kuma maƙala wayar ƙasa ta walda kusa da wurin aikin, don kada wuta ta bi ta cikin na'urorin motar.

Huda ita ce ta kusa da ƙarshe, kuma tana da ƙa'idoji. Fuskar noti da ya karye ba ta taɓa zama a daidai, a karkace take. Bakin huda kuma ragon abu ne, inda ya ga laushi nan yake bi. Ƙarfe a tsakiya, alminiyam a gefe, ina kake zaton zai nufa? Don haka sai an daidaita fuskar in da hali, an buga alama a tsakiyar tsakiya, an fara da siririn baki na milimita 2 ko 3, a hankali, da ɗigon mai, injin a tsaye kyam. In guntun ya nutse a ciki, a mayar da murfin a ɗaure da sauran notuna, ramin murfin ya zama jagora. A naɗa salatif a jikin bakin hudar don a san iya zurfin da za a je, domin a bayan wasu ramukan hanyar ruwa ce ko ta baƙin mai. Akwai bakin huda mai yanka ta hagu, wanda ake juya injin baya a yi aiki da shi. Alherinsa shi ne yana huda yana kwancewa, sau da yawa kafin a gama sai ya cafki guntun ya fito da shi.

In bai fito ba, ana ƙara girman baki mataki-mataki, amma akwai iyakar da ba a wucewa. Noti mai kaurin milimita 6, wanda yawanci kansa lamba 10 ne, tazarar haƙoransa milimita 1 ce, iyakar hudarsa milimita 5. Mai milimita 8, tazararsa 1.25, iyakarsa 6.8. Mai milimita 10, tazararsa 1.5, iyakarsa 8.5. In an tsaya a nan kuma hudar tana tsakiya, abin da zai rage na notin ɗan siririn zare ne kwance a cikin haƙoran ramin, a tsince shi da tsinke, a bi da abin yanka tiredi a share. Wanda ya ɗauko baki mai milimita 8 don ya huda noti mai milimita 8 ya cinye tiredin tun kafin ya fara.

Akwai wani ƙarfe da ake sayarwa a cikin 'yar kwali, mai tsini da murɗi ta hagu, wanda ake cusawa a cikin hudar don ya ciji guntun ya juyo shi. Masu sayarwa suna yaba shi sosai. Ni dai ina ganin ya fi kowane kayan aiki a wannan fage yaudarar mutane. An ƙera shi da ƙarfe mai tsananin tauri, kuma abu mai tauri irin haka ba ya lanƙwasa, ɓallewa yake. Ka yi lissafi da kanka: notin da ya fi shi kauri ya karye saboda tsatsa, shi siriri ta yaya zai yi abin da wancan ya kasa? Ƙari a kan haka, da yake tsininsa a zube yake, yana shiga yana buɗa guntun yana ƙara matse shi da bango. In ya karye a ciki kuwa an shiga uku, domin bakin huda na yau da kullum ba ya cin sa. Yana da amfani a kan guntun da ya karye wajen ɗaurewa, wanda ba tsatsa ta riƙe shi ba. A kan mai tsatsa, musamman ƙanana, garin neman gira ne a rasa ido.

In tiredi ya riga ya lalace, har yanzu da sauran dabara. Akwai wayar da aka naɗe kamar sifirin, wadda aka fi sani da sunan Helicoil: a ɗan faɗaɗa ramin, a yanka masa tiredi na musamman, a murɗa wayar a ciki, noti mai girman na asali ya koma wurinsa. A jikin alminiyam irin wannan gyaran yakan yi ƙarko sosai. Ko kuma a ƙara girman ramin zuwa noti na gaba, in akwai isasshen nama a kewayensa.

Yanzu bari in saurari ɗaya ɓangaren, domin na san akwai makanikai da 'ya'yan makanikai a cikinmu, kuma suna da hujja.

Za su ce: Malam, kai kana zaune kana rubutu. Mai A Daidaita Sahu da ya kawo mini mashin yana da balas ɗin da zai kai da yamma, ba zai yarda in ce masa a jiƙa noti sai gobe ba. Gaskiya ne. Amma a gwada lissafin da kyau. Awa ɗaya ta jira da kwana huɗu na yawo tsakanin mai walda da mai yanka tiredi, wanne ya fi cin balas? Sauri ya haifi nawa, in ji masu magana. Kuma jiran ba zaman banza ba ne, ana iya ɗiga mai a koma kan wani aikin. Abin da ya rage shi ne makanike ya iya buɗe baki ya yi wa mai kaya wannan bayanin, mai kaya kuma ya iya saurara.

Za su ce kayan aiki tsada, na kasuwa jabu sun yi yawa, wuta kuma babu. Wannan ma gaskiya ne, duk wanda ya taɓa sayen bakin huda ya ga ya lanƙwashe a hudar farko ya san haka. Amma dubi jerin da na kawo. Burushin waya, kananzir, kurfi, ƙaramar guduma, magagari, filaya, wasa da macen noti. Wanne ne a ciki ya fi ƙarfin mai gareji? Mai walda kuma kusan kowace unguwa akwai shi. Ƙasar da take da Panteka a Kaduna da Kofar Ruwa a Kano, inda ake ƙera abin da ya gagara a kuma samo ƙarfen da aka ce babu, ba za a ce dabara ce ta yi mata ƙaranci ba. Abin da yaron nan na Kura ya rasa ba kaya ba ne, injin huda ma ai ya samo. Tsarin abin da ake fara yi da abin da ake bari sai ƙarshe ne ba a koya masa ba.

Za su kuma ce gyaran gargajiya yana aiki: a huda a zarce, a sa dogon noti da mace ta baya, ko a ɗaure da waya, mashin ya ci gaba da tafiya. A wasu wurare na yarda ɗari bisa ɗari. In marfin sarƙa ne, ko ƙafar da ke riƙe lamba, ko wurin da ramin ya fita ta baya kuma akwai sarari, a huda a zarce, babu laifi, wani lokaci ma shi ya fi hankali. In kayan da notin ya karye a ciki mai araha ne, a sayi sabo a huta. Inda ban yarda ba shi ne birki, da sitiyari, da tof silinda, da duk wurin da mai ko ruwa ko iska suke ƙarƙashin matsi. A nan noti uku ba sa yin aikin huɗu, kuma wanda zai biya kuɗin kuskuren wataƙila fasinja ne da bai san an yi ba.

Akwai wani abu da ya fi damuna, shi ne yadda ake koyar da yara a gareji. Yaro ya karya noti, oga ya kwaɗa masa mari ko ya zage shi a gaban jama'a. Me yaron ya koya? Ya koyi ɓoyewa. Gobe in ya karya wani, zai yi shiru ya mayar da murfi, ya shafa baƙin mai a wurin don kada a gani, ko ya yi sauri ya ɗauko injin huda kafin oga ya dawo daga masallaci. Noti kuwa kowa yana karyawa, har wanda ya shekara talatin a sana'ar. Ogan da zai ce wa yaro "ajiye sifanar, zo ka ga yadda ake fitar da shi" ya ba shi abin da zai ci abinci da shi har tsufa. Me zai hana a ajiye tsohon murfin inji a gefe, a karya notuna a ciki da gangan, yara su riƙa koyo a kai ranar da babu aiki? Ba a kan injin ban ruwan talaka ya kamata yaro ya yi hudarsa ta farko ba.

Rigakafi kuma ya fi magani, kuma a nan lissafin yana ba da mamaki. A kan noti mai kyau akwai lamba, kamar 8.8 ko 10.9 ko 12.9, ita ce take nuna ƙarfinsa. Wanda babu komai a kansa yawanci mai laushi ne, bai dace da jikin inji ba. Noti mai milimita 6 mai lamba 8.8, ɗaurin da yake buƙata wajen Nm 10 ne. In sifanarka tsawonta santimita 20 ce, wannan daidai yake da ka rataya nauyin kilo 5 a ƙarshenta. Kilo biyar kacal, abin da yaro ɗan firamare yake ɗauka da hannu ɗaya. Mai milimita 8 kuma wajen Nm 25. To ka tuna yadda ake ɗaure su a wurarenmu, mutum ya tokare ƙafa ya ja har jijiyar wuyansa ta fito, wai don kada ya kwance. Rabin notunan da za su karye gobe, yau aka ji musu rauni. Sauran matakan masu sauƙi ne: a fara ɗaura noti da yatsu kafin a sa sifana, in ya yi tauri tun farko a tsaya a duba. A share ramin, a tabbata tsawon notin bai wuce zurfinsa ba. Wurin da ke shan ruwa ko zafi a shafa wa tiredin ɗan giris, tare da sanin cewa noti mai maiƙo yana buƙatar a rage ƙarfin ɗauri, don santsin yana sa ya matsu da wuri. Wajen kwancewa kuma, in ka ji sifana ta fara tafiya da laushi kamar kana murɗa alewa alhali notin bai saki ba, jikinsa ne yake murɗewa. Tsaya nan. Bututun da ake ƙarawa a jikin sifana yana da wurinsa a kan manyan notunan taya, amma a kan ƙaramin noti shi ne yake kashe jin da hannu yake yi.

Na dawo kan kawuna, domin kashi mafi girma na wannan magana namu ne, mu da ba mu riƙe sifana. Mun saba auna aiki da yawan gumi da tsawon lokacin da aka ɗauka ana bubbuga abu. Wanda ya ɓata rami ya sha wahala a gabanmu, muka biya shi da tausayi. Wanda ya ceci ramin ya yi abin cikin natsuwa, muka ga kamar bai yi komai ba. In haka muke biya, haka za a riƙa yi mana aiki, domin babu mai sana'ar da zai zauna jiran mai ya ratsa tsatsa alhali ya san za a ce masa ai zama kawai ya yi. Abin da ya kamata mu auna shi ne abin da aka cece mana: kuɗin sabon famfo, kuɗin tof silinda, kwanakin da mashin zai yi a ajiye. In aka auna da wannan, kuɗin da dattijon ya nema kyauta ce.

A hanyarmu ta komawa Kura na faɗa wa kawu haka, da ladabi. Ya yi shiru har muka wuce Kwanar Dawaki, sannan ya ce in na sake shiga gari in kai wa Baban cikon kuɗinsa. Na kai masa bayan kwana biyu. Ya karɓa, ya buɗe wata tsohuwar gwangwanin madara ya nuna mini, cike take da guntayen notuna, kowanne da macen da aka yi masa walda a kai. Ya ce duk wanda ya fitar ba ya yarwa, yaransa yake nuna wa.

Shawarata ga duk wanda noti ya karye wa, a babur ne, ko janareta, ko keken ɗinki, ko injin markaɗen gida: kada ka bari a taɓa shi sai an amsa tambayar nan, wajen ɗaurewa ya karye ko wajen kwancewa. In wanda ka kira bai yi ta ba, kai ka yi masa ita. In ka ga ya miƙa hannu wajen injin huda tun bai ɗiga ko ɗigon mai ba, ka ba shi haƙuri, ka ɗauki kayanka ka nemi wani.

Allah Ya sa mu dace. Sai wani makon.